Bod Ɗin da Na Jefa a Buhun Gwangwan

Aikin nan wahala ce da shi. Ya ci mini ido, ya ci mini baya, ya bar mini yatsu duk tabon ƙuna, kuma shekara ashirin da wani abu ina cikinsa har yau haya nake yi a unguwar Magajiya. Ina faɗin haka ne saboda ku samarin da kuke shigowa shagona da waya a hannu, ku nuna mini bidiyon wani Bature yana gyara had disk, ma'ajiyar bayanan kwamfuta, cikin minti huɗu, ku ce, Injiniya, ashe abin ba wuya. A bidiyon ba a ɗauke wuta. Mai kayan ba ya zaune a bayan Baturen yana masa numfashi a ƙeya. In kuma ya ɓata aikin, gogewa yake yi ya sake ɗauka.

Ni daga firamare na tsaya. Wurin wani Ibo na koyi aiki, Oga Ike, nan cikin Suleja, shekara shida. Shekarar farko bai bar ni na taɓa komai ba sai shara da kwance noti. Bayan haka ya fara sa ni sauraro. Ya jona disk, ya ɗora mini a kunne, ya ce in gaya masa abin da na ji. In na ce ban ji komai ba, ya ce in je in wanke kunnena in dawo.

Wata rana ya ɗauko wani mataccen disk ya kwance murfinsa a gabana, ya ce in kalla da kyau domin ba zan sake ganin ya buɗe wani ba. A ciki faifai ne mai sheƙi kamar madubi, wani disk ɗin har biyu ko uku a jere. Wani ɗan inji ne da muke kira mota ke juya su, gudun da ido ba ya iya bi. Sai wani hannu siriri mai ɗan kai a ƙarshensa, shi ke rubutu, shi ke karatu, kuma ba ya taɓa faifan ko kaɗan, iska ce ke ɗauke da shi, tazarar ba ta kai kaurin gashi ba. Ƙura ɗaya in ta shiga tsakaninsu ta karce faifan, abin da ke wurin ya tafi ke nan. Daga waje kuma, a bayan disk ɗin, akwai koren allo da muke kira bod. Shi ke karɓar wuta, shi ke ba motar da hannun umarni. Faifai, mota, kai, bod. Duk ciwon disk a ɗaya daga cikinsu yake, aikinka ka gane wanne kafin ka ƙara masa wani.

Kuma akwai tsari. Waya tukuna. Disk da yawa da ake kawo mini a ce ya mutu, wayarsa ce kawai ta saki. Sai ka duba ko kwamfuta tana ganinsa tun a baƙin shafin farko, kafin komai ya buɗe. Sai kunne. Mai lafiya yana tasowa da ƙugi a hankali, ya yi 'yar taunar nan kirr-kirr, ya lafa. In ka ji ƙas, ƙas, ƙas, kan ne ke nema bai samu ba, ka zare wuta nan take, domin kowane ƙas yana iya zama karce. In yana kuka siriri ba ya juyawa, ko motar ta maƙale ko kan ya manne a faifai. In kuwa shiru ne gaba ɗaya, sai ka sa hanci.

Masu kaya ba sa barinka ka bi tsarin. Kafin su iso gare ka sun riga sun yi nasu. Wani malamin makaranta ya kawo mini disk a leda yana ɗigar ruwa, wai abokinsa ya ce a sa a firiza, shi kuma ba shi da wuta, sai ya kai wa mai sayar da ƙanƙara ya kwana tare da fiya wata. Wani ya buga nasa da tafin hannu kamar tsohuwar rediyo. Masu yawa kuma kwamfuta ce ke tambayarsu ko a yi fomat, su danna e, su zo suna rantsuwa ba su taɓa komai ba. Na saba da waɗannan. Ina yi musu faɗa, in yi abin da zan iya. Abin da zan ba ku labari ba mai kaya ne ya yi shi ba. Ni na yi.

Shekarar da taransifomar layinmu ta ƙone ita ce mafi muni. Wata biyar ba wuta. Kowa ya koma ƙaramin janareto, irin wanda yake tari ya ja numfashi, wuta ta sauka ta hau yadda ta ga dama. Bod ya riƙa ƙonewa a gari kamar ana gasa shi. A shekarar ce kuma mutane suka koma yin komai a waya, shagunan buga takardu da nake gyara wa kwamfuta suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Oga Ike ya daɗe da komawa Legas wurin 'ya'yansa. Sai buhun da ke rataye a bayan ƙofata ya zama rabin cefanena. Duk bod ɗin da ya mutu, in ɗauki sukurdireba in karta masa alamar kuros don kada in sake ɓata lokaci a kansa, in jefa a buhu. Duk Talata wani ɗan gwangwan, Ɗan'asabe, yana zuwa da baro da sikelinsa na rataye, ya auna ya saya.

Yadda Oga ya koya mini, in bod ya ƙone, ka nemo wani mai lamba iri ɗaya ka ɗaura, disk ya tashi. Haka muka yi shekara da shekaru, kuma yana yi. A shekarar nan sai na lura da yawa ba sa tashi. In ɗaura sabon bod, su yi ƙas ƙas, su tsaya. Na ɗora laifin a kan janareto. Sai in ce wa mai kaya wutar ta shiga har ciki, ya mutu, sai haƙuri. Wasu su tafi da abinsu, wasu su bar mini, in liƙa salatif da sunan mutum in ajiye a wani kwali ƙarƙashin tebur.

Ranar wata Litinin, saura kwana goma Sallah, Isiyaku tela ya shigo rungume da kwamfuta kamar ya ɗauko mara lafiya. Shagonsa na bayan layinmu, yana da injin surfani irin na zamani, wanda kake ba shi zane daga kwamfuta ya ɗinka a wuyan riga da kansa. Ya ce janaretonsa ya yi wani irin ihu da safe, ƙwan shago ya fashe, kwamfuta ta mutu. Na buɗe, na canza abin ba da wuta, ta kunnu, amma ba ta ganin disk. Na canza waya, haka. Na ɗora a kunne, shiru. Na sa hanci, ga ƙauri. Na juya shi, kusa da inda wuta ke shiga ga baƙin tabo kamar an ɗana taba.

Na tambaye shi abin da ke ciki, na kuma tambaye shi ko yana da kwafi a wani wuri. Ya ce zane ne, na shekara takwas. Yayansa, Malam Shehu, shi ya zauna a gaban kwamfutar nan ya zana su ɗaya bayan ɗaya, kowane zare da hanyarsa. Ba irin na kasuwa ba ne da kowane tela ke da su, saboda su ake baro Abuja a zo shagonsa. Bara ciwon suga ya ɗauke wa Malam Shehu gani. Kwafi kuwa, akwai wani filash da suka taɓa zubawa, ya bi ruwan wanki a aljihu. Yanzu ga shaddodin mutane an yanka, kowa ya zaɓi zanensa, wasu an yi rabin wuya an tsaya.

Na ce masa bod ne, ƙaramin abu ne, ya ba ni kwana biyu. Na faɗa da ƙarfin gwiwa. Bayan ya fita na kwance bod ɗin, na kwafi lambarsa a bayan kwalin sabulu, na karta masa kuros, na jefa a buhu. Talata da safe Ɗan'asabe ya zo, ni da hannuna na sauko masa da buhun. Da kuɗin na hau mota zuwa Abuja, na yini ina bin shaguna har na samu bod mai lambar.

Laraba da hantsi Isiyaku ya dawo, riƙe da hannun yayansa. Malam Shehu dogo ne, siriri, da farar hula da sanda. Ya ce ya gaji da zaman gida, gara ya zo ya ji da kunnensa. Na ba shi kujerata, ni na tsaya. Na ɗaura sabon bod, noti huɗu, na jona da batirin da nake gwaji da shi. Motar ta taso. Isiyaku ya ce alhamdulillahi. Sai ƙas. Ƙas. Ƙas. Ya tsaya.

Doka ta ce ka zare. Na zare, amma sai na sake jonawa, don ido biyu da kunne huɗu suna kaina, kuma na riga na ce ƙaramin abu ne. Ya sake yi, wannan karon har sau bakwai kafin na cire. Na buɗe baki zan faɗi abin da na saba faɗa, wutar ta shiga har ciki, sai Malam Shehu ya riga ni.

"Wannan ba muryarsa ba ce," in ji shi. "Shekara takwas ina kunna shi bayan sallar asuba. Wannan kamar baƙo ne ya shiga ɗaki yana lalube."

Na ce masa haka suke yi in sun mutu.

"Wanda ya koya maka aikin nan yana raye?"

Na ce yana Legas.

"To kira shi, Injiniya. Mu ba mu da sauri."

Na fita waje na kira. Na yi wa Oga Ike bayani tun daga farko, ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa. Bai bar ni na gama ba, ya tambaye ni ina tsohon bod ɗin. Na fara kame-kame. Ya ce, "Haruna, you don troway am?" wato na jefar da shi ke nan? Sai ya juya Hausarsa ta Ibo ya wanke ni tas. Ya ce wancan aikin da ya koya mini na tsofaffin disk ne. Na yanzu, kowane bod akwai wata 'yar aisi mai ƙafa takwas a jikinsa, a cikinta masana'anta ta rubuta ma'aunin wannan disk ɗin shi kaɗai, yadda kansa zai sauka, inda zai fara nema. Kamar gilashin likita, in ji shi, nawa ba zai yi maka ba ko da kalarsu ɗaya. Dole ka cire aisin tsohon bod ka dasa a sabon. In babu ita, ko a Legas sai masu manyan na'urori, su ma ba kullum ba. Ya ƙara da cewa kada in kuskura in sake kunna shi.

Na tsaya a bakin ƙofa da waya a hannu. Da zan koma in ce ya mutu, ba wanda zai sani, domin na faɗa wa mutane da yawa ba wanda ya dawo. Amma Malam Shehu ya juyo da fuskarsa daidai inda nake tsaye. Na shiga na gaya musu yadda yake: maganin yana jikin tsohon bod, tsohon bod kuma na sayar wa ɗan gwangwan jiya.

Isiyaku ya miƙe har kujera ta faɗi. Ya ce kayansa ne, wa ya ba ni izinin sayarwa, ya ce shi ko ƙyallen da ya rage a ɗinki yana mayar wa mai shi. Gaskiya ya faɗa. Malam Shehu ya ce masa ya zauna, faɗan zai iya jira, baro ba zai jira ba. Ya tambaye ni inda ɗan gwangwan yake kwana.

A unguwar Iku muka samu Ɗan'asabe, ni da Isiyaku a kan babur ɗinsa, yana bubbuga wata tsohuwar fanka a gindin mangwaro. Ya ce ai tun jiya da yamma ya kai kaya Sabon Wuse, wurin Alhajin da ke saye a hannunsu, kuma can juyewa ake yi a haɗa da na kowa. Ya kwatanta mana wurin, ya ce mu yi sauri, ya ji ana maganar mota.

Wurin fili ne da aka kewaye da tsofaffin kwanon rufi, a bayan masu gyaran tirela. Ƙarfe tsibi guda, roba tsibi guda, gefe kuma buhunan bod, goma sha huɗu, an ɗinke bakinsu da igiya, an rubuta nauyin kowanne a jiki. Alhajin yana kan benci yana cin rake. Ya saurare mu har ƙarshe, ya tofar da ɓawo, ya ce kayan wata uku ne, an auna an ɗinke, gobe da hantsi motar Legas za ta ɗauka. Na ce masa abu ɗaya nake nema, bai kai tafin hannu ba.

"Kowa abu ɗaya yake nema," in ji shi. "Wanda ka kwance, kai za ka mayar ka ɗinke. Yarana ba za su yi aiki biyu ba. In mota ta zo ta tarar da kaya a ƙasa, kai da direba."

Na ce na yarda. Na tambaye shi wane buhu ne na jiya, ya ce shi ba ya sa musu suna.

Muka fara. Rana a tsakiyar ka, ba inuwa. Bod na talabijin, na rediyo, na waya, na firinta, duk a cakuɗe, kowanne da ƙafafu masu tsini a baya. Kafin buhu na uku yatsuna sun fara jini. Na nuna wa Isiyaku girman abin da muke nema, na ce ya duba kuros. Shi tela ne, idonsa ya fi nawa. Ya riƙa miƙo mini, wannan fa, wannan fa. Duk da kuros ɗina, amma lambar ba ita ba ce. Na riƙa ajiye su gefe a kan wani bulo. Suka yi ta taruwa. Wayarsa tana ta ƙara a aljihu, masu ɗinki ne, bai ɗauka ba.

A buhu na tara ya samu mai lambar. Ga kuros, ga baƙin tabo kusa da hanyar wuta. Har na miƙe ina kaɗe wando, sai ya ce in tsaya, ga wani. Lamba ɗaya, kuros ɗaya, ƙuna a wuri ɗaya. Irin disk ɗin ya yi yawa a gari a lokacin, kuma duk a nan suke ƙonewa. In na dasa aisin da ba ita ba, disk ɗin zai sake ƙas ƙas, kuma na riga na ci masa sau biyu.

Isiyaku ya karɓe su ya juya. A bayan kowane bod akwai wani siririn soso da ke raba shi da jikin disk. Ya ɗaga na farko a rana, ƙura ce ja, irin ta titi. Ya ɗaga na biyu, ya sa farce ya kankaro gefen soson, ya ɗora a tafin hannunsa ya nuna mini. Burbushin zare ne, fari da ruwan gwal da shuɗi, wanda fankar kwamfuta ta yi shekaru tana zuƙa a shagonsa.

"Nawa ne," in ji shi. "Wannan gwal ɗin ni kaɗai ke aiki da shi a layinmu."

Alhajin ya kalli kayan da muka baje, buhu tara a ƙasa, ya kalle ni. Na ce masa aikin hannuna ba zai jira ba, amma kafin rana ta fito gobe ina nan. Ya ce bai san ni ba. Na cire mitata ta gwajin wuta daga jaka, ita ce kayan aikina mafi tsada, na ajiye masa a kan benci. Ya tura ta ƙarƙashin bencin da ƙafa, ya ci gaba da shan rakensa.

Mun dawo ana kiran la'asar. Malam Shehu yana nan inda muka bar shi, maƙwabciyata mai sayar da lemo ta ba shi ruwa. Cire aisi da bulowa ake yi, wata na'ura mai hura iska mai zafi har dalma ta narke. Tana cin wuta, dole na tayar da janareto. Kafin in fara na ɗiga farin fenti a gefen da ƙafar farko take, domin in ka juya ta ka dasa, da ka ba da wuta ta ƙone, ba ta biyu. Na cire ta sabon bod tukuna don hannuna ya saba. Sai na shafa fes, man da ke taimaka wa dalma narkewa, a ƙafafun ta Isiyaku, na rage iska, na riƙa zagayawa. Zafi in ya yi yawa yana goge abin da ke cikinta, in ya yi kaɗan ka ja ka tsinke ƙafa. Janareto yana tari, ina jin zafin yana hawa yana sauka. Yatsuna da suka sha yanka ba sa riƙe hantsaki daidai.

Ta saki. Na ɗaga ta, sai hantsakin ya zame, ta yi tsalle. Abin bai kai rabin ƙwayar wake ba, baƙi, ƙasan shagona kuma baƙin siminti ne da datti. Na ce kowa ya tsaya yadda yake, kada wanda ya ɗaga ƙafa. Na kashe janareto. Isiyaku ya ƙame da hannu ɗaya a sama.

Malam Shehu ya ce ba ƙasa ta faɗa ba. Ya ce ya ji abu ya bugi gwangwani ta hagunsa, kafin in kashe inji. A hagunsa gwangwanin madara ne da nake tara noti. Na shimfiɗa farar takarda, na juye shi a hankali, na riƙa ware noti da tsinken ashana. Tana ciki, da ɗigon fentinta.

Dasawa da ƙarfen dalma na yi, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ina duba kowacce da gilashi. Ban yarda in ba disk ɗin wutar janareto ba, ita ta kashe shi tun farko. Na roƙi maƙwabciyata, tana da sola, ta zare firjin lemonta ta miƙo mini waya ta taga. Na haɗa disk ɗin a kwamfutata a matsayin na biyu, ga wani lafiyayye a gefe da zan zuba kayan. Na ɗora yatsa a kan wayar wuta yadda zan fizge in na ji ƙas. Na kunna.

Motar ta taso. Ta kai ƙarshen gudunta. Sai kirr-kirr, a hankali, ya lafa.

"Shi ne," in ji Malam Shehu, tun allon bai nuna komai ba.

Ban buɗe komai don kallo ba, ban gwada ko kwamfutarsu za ta tashi da shi ba. Disk ɗin da ya dawo daga irin wannan ba ka san ko minti nawa ya ba ka ba. Na tafi kai tsaye inda zanen suke na fara kwafa. Sunaye suna wucewa, Isiyaku yana karanta wa yayansa. Ganyen kuka. Wuyan liman. Na bikin Hafsatu. Tsani biyu. Malam Shehu yana gyaɗa kai, da aka zo kan wani ya ce wannan kwana tara ya ɗauke shi. Can wajen ƙarshe disk ɗin ya fara jinkiri, ya tsaya a kan wani zane yana tauna. Na tsallake shi. Ya tsaya a wani, na tsallake. Goma sha ɗaya suka ƙi fitowa, duk a jere, wuri ɗaya a faifan. Ban sani ba ko kunnawata ta biyu ce ta karce wurin. Ina zargin ita ce, kuma haka na gaya musu.

Malam Shehu ya sa aka karanta masa sunayen goma sha ɗayan. Ya ce uku daga ciki su ne na ƙarshe da ya yi kafin idon ya rufe, ba a taɓa ɗinka su ba. Ya tambayi Isiyaku ko akwai na masu Sallah a ciki, Isiyaku ya ce biyu, zai kira su su canza. Na zuba sauran a wuri biyu, na ce ɗaya ya kwana a gida, ɗaya a shago, kuma kada a sa a aljihun rigar da za a wanke. Isiyaku ya ɗauki kwamfutarsa, ya tsaya a ƙofa ya ce in ba shi ƙonannen bod ɗinsa. Na sa masa a leda na ba shi. Ana kiran magariba suka fita, yana riƙe da hannun yayansa.

Washegari ban buɗe shago ba. Daga masallaci na wuce tasha da basilla da igiya, na shiga motar farko ta Sabon Wuse. Na kwashe bod ɗin nan da hannu na mayar buhu tara, na ɗinke, Alhajin ya sa aka sake aunawa a gabansa, ya jawo mitata daga ƙarƙashin benci ya miƙo mini. Waɗanda na tara a kan bulo ban mayar ba. Na kwance sauran buhu biyar ɗin ma, na tsince masu kuros ɗina, na sake ɗinkewa. Goma sha bakwai suka zama, kowanne da aisinsa mai ƙafa takwas a jiki. Na sa ya auna mini su na saya, yana kallona kamar mai taɓin hankali. Ina fitowa motar Legas tana shigowa da baya.

Da na iso shago na jera bod ɗin a kan tebur, na jawo kwalin da ke ƙarƙashi, na fara fito da disk ɗin ɗaya bayan ɗaya ina karanta sunayen da ke jikin salatif, ina neman bod ɗin kowanne.